Sunaye Biyar na Mama Kwanye

Ran Litinin da hantsi Masi ta ƙetaro gada daga Girei ta kawo wa Malama Liyatu labarin rasuwar Mama Kwanye, uwar ita Masin. Ta same ta inda kowa yake samunta a shekaru goman nan, kwance a doguwar kujerar falo a gidansu na unguwar Jambutu a Jimeta, an saki labule, an kashe rediyo. Masi ta san dokar gidan, sai ta durƙusa kusa da kujerar ta rage murya.

"Anti, Mama ya tafi. Jiya da yamma."

Liyatu ta miƙa hannu ta kama nata.

"Ran Asabar ne jana'iza," in ji Masi. "Oga Polycarp mai firinta ya ce a kai masa tarihi kafin sha biyu na ran Alhamis, in ba haka ba furogiram ba zai fito ba. Anti, Mama ya ce ke ne za ki rubuta. Har shekaranjiya yana faɗa."

"Na sani. Zan rubuta."

Bakinta bai ko yi nauyi ba wajen faɗar haka, kuma wannan sauƙin ya ba ta haushi.

A majami'un Jimeta ba a binne babba haka kawai. Sai an buga furogiram, wato ɗan littafi, hoton mamaci a bango, waƙoƙi a ciki, sannan tarihinsa, wanda wani zai miƙe ya karanta wa jama'a kafin a ɗauki akwati. A da, in aka ce tarihi, Liyatu ake nufi. Malamar Hausa ce a sakandare, 'yar Numan, kuma Allah ya ba ta alƙalami. Sai ta zauna da dangi yini guda ta tono abin da su kansu suka manta, ranar jana'iza ka ga ƙato yana sharɓar kuka don an tuna masa yadda ubansa yake ɗaure sirdin keke da igiyar roba. Abin da ta tsana a duniya shi ne jimlar nan ta "ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya". Takan ce mai rubuta ta bai san mamacin ba, kuma bai damu ya sani ba.

Mama Kwanye ta shigo hannunta ne a ƙarshen daminar 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka shiga Michika, mutane suka kwararo Yola a bayan manyan motoci, wasu a ƙafa. Harabar majami'ar su Liyatu ta cika har bakin titi. Ta ɗauki tsohuwar da 'yarta Masi ta ba su ɗakin baƙi, suka yi wata bakwai a gidan. Mako uku tsohuwar ba ta ce uffan ba. Wata rana da la'asar tana murza soyayyiyar gyaɗa a tsakar gida sai ta ce, "Malama, kawo takarda."

Liyatu ta ɗauko littafin rubutu na 'yan makaranta, mai jan bango. Tsohuwa tana faɗa da karyayyiyar Hausarta, ita tana rubutawa da sauri, har shafi biyu suka cika. 'Ya'ya biyar ta haifa, huɗu maza, kuma an kashe mata mazan duka a safiya ɗaya a bayan gidansu. Ta ƙirga su da yatsu ɗaya bayan ɗaya, don a wurin mutanensu ana ba ɗa suna ne bisa jerin haihuwa, wanda ya ji sunan ya san ko na nawa ne. Da ta gama sai ta dangwala babban yatsanta a ƙasan shafin, man gyaɗa ya bar tabo.

"Ran da na mutu ki sa a karanta sunansu a coci," ta ce. "Ba su samu akwati ba, ba su samu waƙa ba. Su shiga nawa."

Liyatu ta yi alkawari, har ta ƙara da nata. Ta ce ba tarihi kaɗai ba, littafi sukutum za ta yi da labarin. Shekararta talatin da takwas a lokacin, tana tsammanin kai abu ne da ba ya ƙwace wa mai shi.

Da rani ya shigo zazzaɓi ya kwantar da ita. Zazzaɓin ya tafi, gajiyar ta zauna. An auna jini, an auna fitsari, an ɗauki hoton ƙirji, komai lafiya lau. Sai da aka shekara uku wani likita ya ba abin suna, ciwon gajiya mai daɗewa, ya ce maganinsa ta san iyakarta kada ta ƙetare. Mutanen unguwa da suka ji kalmar gajiya sai suka yi dariya a ciki. Wane ne bai gaji ba a garin nan? Mai tura baro a kasuwa ma a gajiye yake, ba wanda ya sakar masa labule.

Ba jikin ne ya fi ci mata rai ba, kan ne. In ta wuce iyaka, ko da hira ce ta yi tsawo, sai kan ya ɗauke ɗif kamar wutar lantarki. Tana ganin kofi, ta san na shan ruwa ne, amma sunansa ya ɓace. In ta kama karanta layi, kafin ta kai ƙarshensa farkon ya zube. Haka za ta kwana biyu, wani lokaci huɗu. Makaranta ta sallame ta da wasiƙa mai ladabi. Abin da ya rage mata shi ne sa'a guda ko biyu da safe, tsakanin bakwai da tara, in jiya ba ta kashe ƙarfinta a wani abu ba.

Safiya uku ke gabanta, Talata, Laraba da Alhamis. Ta Talata da hannunta ta ɓata ta, gara a faɗi gaskiya. Ta tashi kanta garau. Mijinta Absalom ya zaro mata jan littafin daga ƙasan akwatin zannuwa, ya ajiye mata a cinya tare da farar takarda, ya tafi sakateriya. Ta rubuta "An haifi Mama Kwanye", ta soke. Ta rubuta "A gindin duwatsun Michika", ta soke, don ta ji iyayi a ciki. Duk jimlar da ta zo sai ta ga ta yi wa maza huɗu kaɗan. Wannan ba ciwon ba ne. Ta san shi tun tana da lafiya, kai cike da magana amma hannu ya ƙi, saboda tsoron kada abin ya fito bai kai ba. A da maganinsa ta zaga kasuwa ta dawo. Yanzu kuwa ya samu abokin haɗin baki. Tsoron kada kai ya ɗauke a tsakiyar aiki yana hana ta farawa, zaman tsoron kuma yana cinye 'yar sa'ar da take da ita. Tara ta yi ba ta ko buɗe jan littafin ba. Ta dubi takardar da ta cika da soke-soke ta ji ƙyamar kanta. Safiya nawa irin wannan ta yi a shekara goma, sannan ta ɗora wa ciwo laifin?

Absalom mutumin kirki ne, sai dai kirkinsa ba ya tsayawa ya yi tambaya. Da ya dawo ya ga takardar sai ya zauna a hannun kujera.

"Maman Debbie, kar ki damu. Na yi magana da Jerry a ofis, ya ce duk marubuta suna samun haka, har Turawa. Kai ne yake toshewa. Ƙarfafawa kawai kike bukata."

"Baban Debbie, shiru nake bukata. Gobe da safe kada kowa ya shigo min."

"Ba damuwa," in ji shi. Ya fita bakin get ya kira Maman Endurance, uwar zumuntar mata ta majami'arsu, don a ganinsa addu'a ba ta cikin abin da ake kira kowa.

Ran Laraba Liyatu ta buɗe jan littafin tun bakwai saura. Jimlar farko ta zo mata da kanta, mai sauƙi, ba kwalliya, ta biyu ta biyo ta. Tana kan ta uku ta ji bugun tulun kiɗan matan majami'a daga bakin layi, sai caki, sai muryoyi. Alƙalamin ya tsaya.

Mata ashirin da shida ne, sanye da zanen zumunta, sun yi sammako don su gaishe da mara lafiya kafin kowa ta wuce kasuwa ko ofis. Al'adarsu ce, kuma ba a mayar da zumunta daga bakin ƙofa. Su ne masu girki ran bikin 'yarka, su ne masu zaman makokinka, kuma da yawa daga cikinsu Liyatu ta tuƙa tuwon 'yan gudun hijira tare da su har hannunsu ya yi kanta. Ta ɗaura ɗankwali ta tashi zaune. Kowacce ta zo ta kama hannunta.

"Malama, yaya jiki?"

"Da sauƙi."

Sau ashirin da shida ta yi wannan ƙaryar, tana jin kowace ɗaya tana tsiyayar da ita. Aka yaye labule don haske ya kori duhu. Falon ya cika da zufa da turare da tururin kunun gyaɗa da suka zo da shi a kula. Wata ta rasa inda za ta ajiye kofinta sai ta ɗora shi a kan jan littafin. Tulu yana bugawa a cikin ƙashin kan Liyatu. Maman Endurance ta ɗora mata jiƙaƙƙen tafi a goshi ta shiga addu'a da ƙarfi, yawu yana fantsamo mata a fatar ido, ba halin ta goge.

"Malama, kwanciya ne yake ƙara maki ciwo," in ji Maman Endurance bayan an ce amin. "Ni ma ina gajiya, amma ina tashi. Tashi ki taka rawa ki kunyata Shaiɗan, rubutu zai fito."

Mata biyu suka ɗaga ta ta hammata. Ta taka ƙafa ɗaya, ta taka ta biyu, tana murmushi, kuma murmushin nan ne ta fi jin ƙyamarsa daga baya. A tsakiyar waƙa abin ya faru. Ta ga bakin Maman Endurance yana buɗewa yana rufewa, ta ga haƙorin gaba da ya guntule, amma maganar da ke fitowa ta daina zama magana. Ta nemi sunan matar da ke riƙe da hannunta na dama, wadda ta sani shekara ashirin, babu. Ba tsoro a cikin kan yanzu, ba jimla mai jiran fitowa, ba komai.

Sun tafi tara da rabi suna murna an yi nasara. Liyatu ta rarrafa bayan gida ta amayar da kunun da aka ɗura mata. Da ta dawo ta ɗauki takardarta ta dubi layi ukun. Rubutunta ne, ta gane siffarsa, amma ta kasa bin sa daga wannan gefe zuwa wancan.

Alhamis ta waye yadda Laraba ta faɗi. Absalom ya ƙi zuwa ofis, yana ta kai da kawo a tsakar gida bai san inda zai sa kansa ba. Wajen goma da rabi Polycarp mai firinta ya zo da kansa a babur, don Masi ta gaya masa halin da ake ciki. Gajere ne mai fara'a, haifaffen Jimeta, shekara ashirin yana buga katin biki da na mutuwa a shago ɗaya kusa da kasuwa.

"Madam, no wahala, kar ki sa kanka a damuwa," ya ce yana zaro takarda daga aljihu. "Ina da shi a kwamfuta, suna kawai nake canjawa. Bari na karanta maki."

Ya gyara murya. Mama Kwanye uwa ce ga kowa da kowa. Ta ba da ranta ga Ubangiji tun tana ƙarama. Ta yi ritaya a matsayin babbar akawu.

"Sori, wannan na Madam Goretti ne, zan cire." Ya ci gaba. Ta rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Ta bar 'ya'ya da jikoki da yawa. "A ƙasa kuma na sa sunanka, Madam, rubutawa Malama Liyatu Absalom. Don girmamawa."

Yawancin abin da ya karanta ya wuce ta kanta bai tsaya ba. Amma 'ya'ya da yawa ya shiga, ya zauna. Matar da aka jere wa maza huɗu a bayan gida, za a miƙe a gaban akwatinta a ce ta bar 'ya'ya da yawa, a ci shinkafa a watse, kuma da sunan Liyatu a ƙasa. Ta buɗe baki don ta ce a'a, ta ce a ba ta littafin, kalmar littafi ta ƙi zuwa. Ta nuna da hannu.

"Wancan. Ja."

Absalom ya miƙo mata. Gindin kofin jiya ya bar zobe a bangon. Ba ta iya karanta shafukan ba, don haka ta dinga juyawa har ta ga tabon man gyaɗa, wanda ya zama ruwan ƙasa da tsufa. Ta kama shafi biyun ta ja. Hannun ba ƙarfi, sai da ta ja sau uku suka yage. Ta miƙa wa Polycarp.

"Hoto," ta ce.

"Fotokwafi? Haka yadda yake?" Ya juya takardun yana yamutsa fuska. "Madam, abeg, akwai soke-soke, ga mai a jiki. Hausan ma ba daidai ba ne. Mutane za su ce Polycarp ya lalace."

"Haka."

"Sunanka fa?"

"Cire."

Ya dubi Absalom, Absalom ya kau da kai. Polycarp ya tsaya ya karanta layin farko a zuci, ya karanta na biyu, fara'ar ta bar fuskarsa. Ya ninke takardarsa ya mayar aljihu, ya sa shafi biyun a cikin ambulan ya fita.

Wanda ya ce Liyatu ta ji sanyi a ranta bai san ta ba. Ta kwanta jan littafin a ƙirji, ya zama fanko, babban littafin da ta yi shekara goma tana cewa za ta rubuta ya bi Polycarp a babur. Ko a cikin wannan duhun kan ta gane abu ɗaya. Shafi biyun nan a gama suke tun ranar da tsohuwa ta dangwala yatsa. Ita ce ta zauna a kansu tana jiran ranar da za ta ƙawata su, har mai labarin ta mutu ba ta ji an karanta sunan ɗa ko ɗaya ba. Ciwo ya ci rabonsa, amma bai ci shi kaɗai ba.

Ba ta je jana'iza ba, ko ƙofar falo ba ta iya kaiwa. Ran Asabar da la'asar Absalom ya dawo tare da Masi, Maman Endurance tana biye da su da mata uku, fuskarta tana ƙyalli.

"Malama, kin ga aikin addu'a? Laraba muka zo, Alhamis rubutu ya fito. Coci duka ya yi kuka, har fasto. Na riga na gaya wa mata, ran Laraba za mu dawo godiya, wannan karon dukanmu."

"Mama," in ji Absalom a hankali, "rubutun na 2014 ne. Akwai kwanan wata a sama."

"To ai Ubangiji ya shirya amsa tun kafin mu roƙa."

Liyatu ta dubi matar, ta dubi tafin hannun da ya riga ya fara ɗagowa zai nufi goshinta. Ta tattara abin da ya rage mata na kalmomi.

"Baban Debbie. Raka su. Sa kwaɗo."

Maman Endurance ta sauke hannunta, ta gyara zanenta, ta ce Allah ya ƙara sauƙi da muryar da ta nuna kafin magariba duk Jambutu za ta ji an kori zumunta daga gidan Malama. Liyatu ta san abin da hakan zai jawo mata, kuma ba ta da ƙarfin damuwa. Absalom ya raka su. Ta ji ƙarar get, sannan ta ji ƙarar kwaɗo.

Masi ce ta rage. Ta saki labulen da aka yaye, ta durƙusa a inda ta durƙusa ran Litinin, ta ɗora wa Liyatu ɗan littafin jana'izar a hannu. Polycarp ya ba shafi biyun tsakiyar littafi, bai taɓa ko ɗigo ba, har tabon yatsa ya fito baƙi a ƙasa. Liyatu ta kalli rubutun, mai sauri, mai karkata, na wata mace da take iya tuƙa tuwon mutum ɗari sannan ta zauna ta rubuta. Ta kasa karanta ko layi ɗaya.

"Karanta min," ta ce. "Ɗaya-ɗaya."

Masi ta karɓa. Ita ce ta karanta a majami'a, muryarta ta riga ta dishe.

"Tizhe, na fari. Manomi ne, ba ya cin tuwo sai da barkono. An kashe shi."

Ta jira. Liyatu ta riƙe sunan a ka da ƙyar, ta juya shi har ya zauna, sannan ta gyaɗa kai. Masi ba ta ci gaba ba.

"Na biyu fa?"

"A nan na tsaya a coci ma, Anti. Sai da fasto ya kawo min ruwa." Ta goge hanci da bakin zane, ta sa yatsa a kan layin. "Masi, ta biyu. Tana nan."

Liyatu ta lalubo hannunta ta riƙe.

"Ci gaba."

"Tumba," in ji Masi, "na uku."